Lasisin kamfanin inshora, da dalilin da ya sa gwamnati ba ta ɗauke ido a kansu

Mai ƙera mota sai ya sayi ƙarfe ya biya ma'aikata ya haɗa motar tukuna sannan ya yanka mata kuɗi, kuma ranar da yake yankawa ya riga ya san nawa ta ci masa. Kai ma mai saye kana ganinta da idonka, ka buɗe ƙofa ka tada injin ka ji ƙararsa kafin ka zaro ko sisi. To shi kamfanin inshora komai nasa a juye yake, kuɗinka yake fara karɓa yau, abun da zai miƙo maka kuwa takarda ce mai ɗauke da alkawari, cewa in gobara ta tashi ko mota ta yi haɗari ko ka rasu ka bar iyali zai biya, kuma shi kansa bai san nawa alkawarin zai ci masa ba sai nan da shekara ɗaya ko biyar, in inshorar rai ce ma ana iya kai shekara 30 ko 40 ranar biya ba ta zo ba. Duk wata dokar inshora da ka gani a duniya daga nan ta samo tushe.

Bari in kawo misali na lissafi kawai don a ga inda gizo ke saƙar. A ce kamfani yana yin inshorar haɗarin mota da raunin ma'aikata, lissafi na gaskiya ya nuna cikin kowane 100 da ya karɓa 70 za su koma wajen biyan diyya, 25 su tafi a albashi da haya da ladan dillalai, 5 ce ribarsa. Sai wani sabon kamfani ya shigo yana so jama'a su yo kansa, ya ce shi 60 zai karɓa a kan abun da wancan ke karɓar 100. Shekarar farko kuɗi na ta shigowa, diyya ba ta fara zuwa sosai ba saboda irin waɗannan shari'o'in sai a shekara uku ana kai da komowa a kotu da asibiti kafin a tsayar da adadi, don haka a takarda sai ka ga riba, daraktoci su raba rabonsu, a buɗe sababbin rassa. Shekara ta uku ta huɗu diyyar baya ta fara sallama, shikenan sai ya koma ɗaukar kuɗin sababbin shiga yana biyan tsofaffi, kuma dole ya ƙara karya farashi don sababbin su ci gaba da zuwa. Kamfanin nan fa tun shekarar farko ya mutu, amma ofishinsa na ƙyalli, tallarsa na ko'ina, kai da ke tsaye a waje ba yadda za a yi ka gane.

Banki in ya fara tangal-tangal masu ajiya ne ke rugawa su kwashe kuɗinsu, cikin kwanaki asiri ya tonu. Wanda ya yi wa gidansa inshora ba shi da abun da zai ruga ya cira, yana zaune hankali kwance da takardarsa a cikin akwati, ba zai san kamfanin fanko ba ne sai ranar da gidan ya ƙone, wato ranar da ya fi kowace rana buƙatarsa. Wannan ne ya sa nake ganin masu cewa ina ruwan gwamnati da cinikin da mutum ya ƙulla da yardarsa ba su kalli abun da kyau ba. Yarda tana aiki ne in kana iya duba abun da kake saye, nan kuwa ko kai akanta ne ba za a ba ka littafan kamfanin ba.

Kuma ba haka kawai gwamnatoci suka wayi gari suka ce sai da lasisi ba, wuya aka sha. A Ingila kamfanin Albert, wanda ya haɗiye ƙananan kamfanonin inshorar rai sama da ashirin, ya durƙushe a 1869 ya tafi da ajiyar ɗimbin mutane, a shekarar da ta biyo baya, 1870, majalisa ta yi doka cewa duk sabon kamfanin inshorar rai sai ya ajiye fam 20,000 a hannun kotu, ya riƙa fitar da lissafinsa a fili, kuma ya ware kuɗin masu inshorar rai daban da sauran harkokinsa. A Amurka kuwa jihohi ne ke riƙe da abun, kowace jiha da nata kwamishinan inshora, dokar McCarran-Ferguson ta 1945 ta tabbatar masu da wannan ikon, shi ya sa har yau kamfanin da ke son sayar da inshora a jihohi da yawa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman izini. Indiya na da hukumar inshora mai suna IRDAI da aka yi dokarta a 1999, Nijeriya na da NAICOM tun 1997, ƙasashe 14 na Afirka, galibinsu masu amfani da Faransanci, suka haɗa doka guda a ƙarƙashin CIMA bayan yarjejeniyar da suka sa wa hannu a Yawunde a 1992, sannan akwai IAIS da aka kafa a 1994 mai ofishi a Basel, inda hukumomin nan ke haɗuwa suna daidaita ƙa'idojinsu. Sunaye sun bambanta amma tambayoyin da ake yi wa mai neman lasisi kusan iri ɗaya ne.

Na farko jari, kuma a nuna daga ina ya fito, don an sha ganin masu aro kuɗi su zuba a asusu na sati biyu a nuna wa hukuma sannan a mayar wa mai shi. Sai su waye ke bayan kamfanin, masu hannun jari da daraktoci da shugaban gudanarwa, sun san aikin, an taɓa kama su da almundahana, sun taɓa karya wani kamfanin a baya? Sai tsarin kasuwancin na wasu shekaru masu zuwa, wane irin haɗari za a ɗauka, da wane lissafi aka yanka farashi. Sai kuma yarjejeniyarsa da manyan kamfanonin da ke yi wa masu inshora inshora, irin su Munich Re da Swiss Re, domin ƙaramin kamfani da ya ɗauki inshorar matatar mai ko jirgin sama shi kaɗai ba tare da ya raba nauyin ba, haɗari ɗaya ya ishe shi. Kuma lasisin ba na komai da komai ba ne, aji-aji ne, wanda aka ba izinin mota da gobara ba zai tashi gobe ya fara inshorar rai ba, ƙasashe da dama ma sun hana sabon kamfani ya haɗa biyun, saboda kada a ɗauki kuɗin da wani ke tarawa na shekara 30 don marayunsa a toshe ramin da ambaliya ta haƙa a ɗaya ɓangaren.

Amma a gaskiya ni ranar bada lasisi ba ta dame ni kamar ranakun da ke bayanta ba. Kowa na iya yin kwalliya ya zo ranar tantancewa. Aikin yana cikin sa ido na kullum, kuma zuciyar sa idon shi ne kuɗin da kamfani ya ware don diyyar da bai biya ba tukuna, har da ta haɗarin da ya riga ya faru amma ba a kawo masa rahoto ba. Wannan adadin ƙiyasi ne, masana lissafin haɗari ne ke fitar da shi, kuma nan ne ƙofar ha'inci mafi faɗi, domin in ka rage ƙiyasin da kashi 10 kawai sai asara ta koma riba a takarda ba tare da ka saci komai da hannu ba. Shi ya sa doka ke tilasta a samu masanin lissafin da zai sa hannu da sunansa, da odita na waje, kuma hukuma na da ikon ta aiko nata mutanen su zauna a ofishin su buɗe fayil-fayil. Sannan ana duba inda aka zuba kuɗin, in kamfani ya kwashe ajiyar mutane ya gina dogon bene ko ya ba wa kamfanin ɗan'uwan shugaba rance, a lissafi kadara ce, amma ranar da diyya ta taso ba a yanka bene a biya mutum da shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Da can adadi ɗaya ake sa wa kowa, kawo jari kaza ka samu lasisi. Daga baya aka ga wannan bai isa ba, don kamfanin da ke inshorar girgizar ƙasa da wanda ke inshorar wayar hannu ba nauyi ɗaya suke ɗauka ba, sai aka koma auna jari da girman haɗari. Amurka ta fara nata tsarin a farkon shekarun 1990, Tarayyar Turai kuma ta fara aiki da Solvency II ranar 1 ga Janairu 2016, inda ake so kamfani ya riƙe jarin da zai iya jure irin mummunar shekarar da lissafi ya nuna tana zuwa sau ɗaya a shekara 200. Abun da ya fi burge ni a tsarin shi ne matakala ce, layin jari biyu aka ja, na sama da na ƙasa. In jari ya sauka ƙasa da layin sama, kamfani na da wata biyu ya kawo tsarin gyara, wata shida ya cike giɓin. In ya faɗo ƙasa da layin ƙasa, wata ɗaya ya kawo tsari, wata uku ya cike, in ya kasa a janye lasisin. Wato hukuma ba ta jiran sai gini ya rufta, tun daga tsagewar farko doka ta ba ta damar shiga, kuma ta ɗaure ta ita ma cewa dole ta shiga.

Abun da ke faruwa in ba a shiga da wuri ba, Ostireliya ta gani da idonta. HIH shi ne na biyu a girma cikin kamfanonin inshorar dukiya a ƙasar, ranar 15 ga Maris 2001 ya faɗi da giɓin da aka ƙiyasta ya kai dalar Ostireliya biliyan 5.3. Mutanen da suka ji rauni suna karɓar kuɗin wata-wata don ba sa iya aiki, kuɗin ya tsaya cak. Magina da yawa suka ajiye aiki da gini a tsakiya saboda doka ba ta bari su ci gaba ba tare da inshorar garantin gini ba, kuma HIH ne ke riƙe da babban kaso na wannan kasuwar, ka ga mutumin da bai taɓa jin sunan kamfanin ba ma abun ya same shi a gidansa da ba a gama rufawa ba. Kwamitin binciken da mai shari'a Neville Owen ya jagoranta ya fitar da rahoto a 2003, babban abun da ya gano shi ne dai wancan da na faɗa, shekara da shekaru ba a ware isasshen kuɗin diyya ba, ana sayar da inshora a farashin da bai kai ba, ga sayen kamfanin FAI da aka yi ba tare da an bincika cikinsa da kyau ba. An ɗaure wasu daga cikin shugabannin, ita ma hukumar sa ido APRA ta sha suka kan ta ga alamu ba ta motsa da wuri ba, kuma a ƙarshe da kuɗin masu biyan haraji aka tallafa wa waɗanda abun ya shafa.

Wani lokacin kuma ba sata a ciki ko kaɗan, alkawari ne ya yi zaƙi da yawa. Equitable Life na Ingila tun 1762 yake, tsohon kamfani mai mutunci, ya yi wa masu tara kuɗin fansho alkawarin wani tsayayyen kaso a lokacin da kuɗin ruwa ke sama, da ruwan ya sauko mutane kuma suka ƙara tsawon rai sai alkawarin ya fi ƙarfinsa, ya so ya kauce, kotun ƙoli ta lokacin ta ce a'a a watan Yuli 2000, kafin ƙarshen shekarar ya daina karɓar sababbin mutane. A 2008 mai binciken ƙorafi ta majalisa ta samu hukumomin gwamnati da laifin sakaci wajen sa ido, har gwamnati ta ware fam biliyan 1.5 na diyya a 2010. Japan ma haka, Nissan Mutual Life ya faɗi a 1997, zuwa 2001 wasu kamfanonin inshorar rai shida sun bi, duk ciwo ɗaya, sun yi alkawarin riba mai tsoka ribar kasuwa kuma ta zube. Ka ga kenan mai sa ido sai ya karanta har abun da ake rubutawa a takardar da ake sayarwa, ba jari kaɗai zai tsaya ƙirgawa ba.

Na AIG, babban kamfanin inshora na Amurka, a 2008 kuma wani darasi ne daban, rassansa na inshora da jihohi ke sa wa ido galibi suna tsaye da ƙafarsu, wani sashe ne na hada-hadar kuɗi mai ofishi a Landan ya riƙa sayar da garanti a kan basussukan gidaje, abu ne mai kama da inshora sak amma ba a kira shi inshora ba, don haka ba a tilasta masa ware kuɗin diyya ba. Ranar 16 ga Satumba babban bankin Amurka ya ba shi rancen dala biliyan 85, tallafin ya ƙaru har ya kai wajen biliyan 182. Gwamnati ta dawo da kuɗinta daga baya, amma tun daga nan hukumomi suka ƙara matsa wa duba rukunin kamfani gaba ɗaya, uwa da 'ya'ya, don lasisi na hannun ɗa ne wuta kuma daga ɗakin uwa ta tashi.

To yanzu maganar soke lasisin kanta. Mutane in sun ji an soke sai su ce madalla an hukunta su, amma ka tsaya ka tuna wa ke riƙe da takardun kamfanin. Ka ɗauki matar da mijinta ya shekara 15 yana biya, ya rasu, ta haɗa takardar shaidar rasuwa da rasit-rasit a cikin leda ta zo ta tarar da sanarwa manne a ƙofa cewa an naɗa wanda zai karkasa kadarori, a rubuta suna a jira. Jiran nan na iya ɗaukar shekaru, kuma abun da za ta samu ya danganta da abun da ya rage. Wanda ya tsufa ko ya kamu da ciwo bayan ya shiga, in ya koma wani kamfanin ba za a ɗauke shi a tsohon farashi ba, wataƙila ma a ƙi ɗaukarsa sam. Saboda haka hukuma mai hankali tana da matakai kafin nan, ta hana raba riba, ta hana taɓa wasu kadarori, ta dakatar da karɓar sababbi a ci gaba da biyan tsofaffi, ta cire shugabanni ta sa nata, ko ta nemo kamfani mai lafiya a mayar masa da mutanen gaba ɗaya. Sin ta yi irin haka da Anbang a Fabrairu 2018, hukuma ta karɓe ragamar kamfanin, aka ɗaure shugabansa Wu Xiaohui shekara 18, harkar inshorar kuma aka mayar da ita ƙarƙashin sabon kamfani.

Sai dai wannan tausayin shi ne kuma tarkon. Hukuma na tsoron in ta yi magana jama'a su firgita, tana tsoron a ce ita ta gaza, wani lokacin masu kamfanin na da dogon hannu a gwamnati, sai a yi ta ƙara wa'adi ana fatan abun zai gyaru, alhali kowace rana da mataccen kamfani ya buɗe ƙofa sababbin mutane yake karɓar kuɗinsu yana ƙara zurfin ramin. In aka zo aka soke bayan shekara biyar ihu ne bayan hari. Wallahi wannan jinkirin ya fi ba ni tsoro a kan rashin doka, domin jama'a sun saki jiki ne saboda sun ga lasisi a bango. Wasu ƙasashen sun rage zafin da asusun kariya da kamfanonin ke zubawa, a Birtaniya FSCS na biyan kashi 100 na inshorar dole da ta rai, kashi 90 na yawancin sauran, jihohin Amurka ma kowace na da irin nata mai iyaka. Inda babu irin wannan asusun, lasisin ne kaɗai katangar.

Ban ce duk tsaurin doka alheri ba ne fa. A Kalifoniya tun ƙuri'ar raba gardama ta 1988 kamfani ba ya ƙara farashin inshorar gida ko mota sai kwamishina ya amince, abun ya kare mutane na tsawon lokaci, amma da gobarar daji ta yawaita tsadar gini ta hau, State Farm ya sanar a Mayu 2023 cewa ya daina karɓar sababbin masu inshorar gida a jihar. In ka hana farashi ya bi haɗari, ko dai kamfani ya gudu ko ya zauna ya karye. Haka ɗaga jari sama sosai, yana kawar da 'yan ku-ci-ku-ba-mu amma yana iya barin kamfanoni ƙalilan da ba ruwansu da ƙaramin mai saye, shi ya sa wasu hukumomin suka ware lasisi mai sauƙin jari don ƙananan inshora, da kuma lasisin takaful, wato inshorar Musulunci, da ke buƙatar a raba asusun mahalarta da na masu kamfani, wanda Maleshiya ta yi wa doka ta musamman tun 1984.

Akwai kuma kamfani mai jari cike da asusu amma ba ya biya, ka kawo wannan takardar, dawo sati mai zuwa, ai sharaɗi na kaza a shafi na tara ya cire irin naka, har mutum ya gaji ya haƙura. A ma'aunin jari wannan lafiyayye ne, don rashin biyan ma ƙara masa ƙiba yake. Kuma gwamnatin da ta tilasta wa mutane sayen inshorar mota, kamar yadda Birtaniya ta yi a 1930, ita ta kawo wa kamfanonin nan kasuwa da hannunta, don haka nauyi ne a kanta ta tabbatar ana biya, ta kuma kori masu buga takardun bogi da sunan kamfanin da ba shi da lasisi ko wanda aka riga aka soke. A Indiya hukumar na fitar da alƙaluman kowane kamfani duk shekara, buƙatun diyya nawa aka kawo masa, nawa ya biya, nawa ya ƙi, kowa na iya dubawa kafin ya zaɓa. Wannan nake so in ga kowace hukuma na yi, ta ɗora shi a shafinta kusa da jerin masu lasisi, ta ƙara da kwana nawa kowane kamfani ke ɗauka kafin kuɗin ya shiga hannun mai shi.